Shekarar da Muka Tuƙa Mota Ɗaya Mu Biyu

Wannan babin naku ne ku huɗu, amma ya fi zama na Dauda. Na san abin da kuke faɗa a kan farar motar nan da ke tsakar gida lulluɓe da tampol, wadda kaji suka mayar wurin shan inuwa. Ba wani ne ya tsegunta mini ba, Rahila ce da bakinta, don kun san magana ba ta kwana a cikinta. Ta kira ni daga Maradi, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce:

"Mama, Yaya Dauda fa ransa ba daɗi. Mutum ya yi ɗawainiya ya kawo muku mota, tun rasuwar Baba ko ƙofarta ba ki buɗe ba. Haba Mama, ko don idon mutane."

Na ce mata na ji, na ajiye. Ba na iya irin wannan bayani a waya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba rashin godiya ba ne, Allah ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne, a duk tsawon zamana da babanku shekara ɗaya tak na same shi nawa sosai. A cikin mota na same shi, kuma a sanadin mota ya kuɓuce mini tun yana da ransa.

Sai na koma kan jar motar. Ina da cikin Yakubu ya sayo ta a hannun wani nasara da suke koyarwa tare a lise, wato makarantar sakandare, da mutumin zai koma ƙasarsu. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji wani gurnani a ƙofa, yaran unguwa na ihu. Na fito na tarar da ita: ja wur, dogon hanci, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar mutum zai zauna a tabarma. Babanku na tsaye gefenta yana share gilashi da hannun rigarsa, fuskar nan tasa da ba ta cika dariya ba tana ta walƙiya. Na leƙa ciki na sake leƙawa, ina neman inda sauran kujerun suka ɓuya. Mushe nake kiransa, yadda ake kiran malaman makaranta a nan, shi kuma yana ce mini Madam.

"Mushe, mu huɗu ne a gidan nan, na biyar na hanya. A ina za mu zauna?"

"Madam, wannan ba motar ɗaukar kaya ba ce. Motar sipor ce."

"Au, mu ne kayan ke nan?"

Ya ci gaba da share gilashinsa. Ni kuwa nan take na yi alkawari a raina ba ni ba shiga wannan mota, kuma kun san ni da taurin kai, na riƙe alkawarin fiye da shekara ashirin. Ran Lahadi shi zai yi gaba da ɗayanku, kuna yin bi da bi har da kuka da dambe, ni da sauran mu bi yashi a ƙafa zuwa majami'a. Matan zumunta suna tsokanata, wai matar mai jar mota ga ƙafa fututu. Ina dariya tare da su, in dawo gida in huce a kan tukwane.

Kada ku ɗauka babanku mugu ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai bar mu da yunwa ba, bai taɓa sa ni kunya a gari ba. Shiru ne kawai da shi. A gida maganarsa ba ta wuce "an gama abinci?" da "yaran sun yi karatu?" Sai an je garejin Malam Sani makaniki, ƙarƙashin itacen bedin nan inda suke zaman fada, wato hira, da yamma, a nan bakinsa ke buɗewa. Hanyata ce in na taso daga matanite, inda na yi aikin karɓar haihuwa har na ajiye aiki, don haka na sha jin gardamarsu, kuma kusan kullum ɗaya ce: mece ce motar sipor? Wani ya ce ƙofa biyu ce alamarta, Malam Sani ya ce to akori-kurar ƙanensa mai ɗaukar awaki ita ma ta shiga ke nan. Wani ya ce gudu ne, aka ce ai direbobin Yamai suna wuce Mushe a hanya da fasinja cike har bisa. Wani ya ce tsada, wani ya ce ƙarar inji. Wata rana na tsaya sayen ƙosai kusa da su na ji babanku yana cewa:

"Duk ba ku gane ba. Motar sipor ita ce wadda ba ta ɓoye maka komai, kuma ba ta yanke shawara a madadinka. Ramin hanya ka ji shi a bayanka, numfashin inji ka ji shi a tafin hannunka. In tana son giya ta uku za ta gaya maka, amma sai kai ka ba ta. In ka yi daidai ta amsa, in ka yi kure ta nuna maka nan take. Ita kuwa otomatik, kai dai an ɗauko ka ne."

Suka yi ta tafi da shewa. Ni na karɓi ƙosaina na wuce raina a dagule, ina cewa yau ga mutumin da ya san numfashin ƙarfe, amma in na kwana da zazzaɓi sai na gaya masa da bakina.

Haka muka tsufa. Kuka watse ɗaya bayan ɗaya, Dauda Yamai, Rahila gidan miji, Yakubu arewa wajen aikinsa, Hannatu makaranta. Gida ya rage ni da shi da rediyo. Sai ciwon sukarin da ya daɗe yana lallaɓawa ya nuna halinsa. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafar hagu, abin da bai kai a faɗa ba. Ni na dinga wanke ciwon da hannuna safe da yamma, kuma tun kafin likita ya buɗe baki hancina ya gaya mini gaskiya. Aka yanke ta sama da gwiwa. Kun zo, kun yi kuka, kun koma, don kowa da nasa aikin, ban ga laifinku ba. Abin da ba ku gani ba shi ne watannin da suka biyo. Ya daina fita fada, ya daina aski sai na matsa. Aka yi masa ƙafar roba, ya gwada ta, ta kai shi bayi da ƙofar gida da taimakon sanda, amma ba ta taka kuloci, wato abin nan na hagu da sai an danne shi kafin giya ta shiga. Wata safiya na fito da bokiti na hango shi a rumfa cikin jar motar, ya zauna bayan sitiyari, inji a kashe. Hannunsa na kan sandar giya, guntun cinyar yana motsi cikin wando yana neman abin da zai taka. Na koma ɗaki da sauri don kada ya san na gani, na zauna bakin gado na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Da yamma ina ba shi magani ya ce, bai ko dube ni ba:

"Madam, permin nan naki yana nan?"

Ina da permi, wato lasin tuƙi, kun manta ne. An tura mu mun yi shi lokacin da aka kawo wa matanite motar ɗaukar masu naƙuda, don direban ba kullum ake samunsa ba. Tun ranar da na karɓo takardar ban sake taɓa sitiyari ba. Na ce yana nan, me za a yi da shi?

"Ina so in je Garagumsa in ga Yaya Habu. Ke ki zauna nan, ki riƙe sitiyari, ki taka. Giya ki bar mini."

"Wace irin tuƙi ce wannan, Mushe? Mota ɗaya direba biyu?"

"Ƙafa taki, hannu nawa."

Na so in tuna masa alkawarina, na so in ce sai yau da ka rasa ƙafa na samu kujera. Maganar ta zo har bakina. Na dubi gemunsa da ya yi buzu-buzu, na haɗiye ta.

Kai, mun sha wahala! Shi yana zaune a dama, sai da ya koya wa hannunsa na hagu aikin da na dama ya yi shekara da shekaru, yana neman ta biyu ya faɗa ta huɗu. Ni kuwa ƙafata ba ta san "a hankali" ba. Zai kasa kunne ga inji ya ce "Taka!" in danne, ya tura giya ya ce "Saki, sannu, sannu, ba ta wuta!" sai motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar layi. Awakin unguwa sun ga ta kansu. Yaran unguwar Kara-Kara suka sa mana waƙa, suna bin mu a baya suna cewa Madam na tuƙi Mushe na giya. Malam Sani in ya hango mu sai ya dafe kai da hannu biyu, ya ce warin kulocin da nake ƙonawa yana riga mu isowa. Wata rana kusa da kasuwa ta mutu mana sau ba adadi, masu kabu-kabu na ta oda, shi kuma yana ta faɗa kamar ina ajinsa. Na ja birkin hannu, na buɗe ƙofa na fita, na riƙe ƙugu na ce:

"To Mushe, ga motarka nan, ka san yadda za ka yi da ita! Ni ɗiyar mutane ce!"

Na jira ya yi fushi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake, har da hawaye, yana nuna ni da yatsa ya kasa magana. Tun kafin asibiti rabona da jin dariyarsa. Na koma na zauna ina ƙunƙuni, ya ce:

"Yi haƙuri, Saratu. Taka mu tafi."

Saratu. Rabon da ya kira ni da sunana tun ba a haifi Rahila ba.

Sau ɗaya na kai hannu kan sandar giya, don na ga na fara ganewa. Ya ɗora nasa bisa nawa ya ɗauke shi a hankali ya mayar mini kan sitiyari. Na gane ita kaɗai ta rage masa a motar, ban sake ba.

Farkon damina muka fara fita hanyar Takieta, wadda ke kai mu Garagumsa. Duk Asabar muke tafiya, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Jar motar ba ta shiga yashi, cikinta na kusa da ƙasa, don haka a bakin kwalta muke ajiye ta wajen wani mai shayi, Yaya Habu ya zo da amalanken shanu ya kwashe mu zuwa cikin gari. Kun san shi, yayan babanku, limamin unguwarsu ne, kuma shi ne bai taɓa juya wa babanku baya ba tun da ya shiga addinin Kirista yana saurayi. Ranar farko da ya ga yadda muke tuƙin ya riƙe baki ya ce wa babanku:

"Ikon Allah! Iliya, ashe sai da aka rage ka aka cika ka."

A hanyar nan na san mijina. Ban san ko don ba ya kallon fuskata ba ne, duka mu biyu idonmu na kan kwalta, ko don ƙarar inji na rufe rabin murya, amma magana ta dinga fitowa. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa, yadda take aiko masa da fura a ɓoye lokacin da mahaifinsu ya hana a ambaci sunansa a gida. Ya gaya mini bai taɓa son koyarwa ba, makaniki ya so zama. Ya gaya mini yana tsoron mutuwa, shi da yake dattijo a majami'a. Wata Asabar, gero ya kai ƙugu dama da hagu, ya ambaci yaron da muka binne tsakanin Yakubu da Hannatu, wanda bai yi kwanakin suna ba. Ku ba ku san shi ba, don ba a maganarsa a gidan. Shekara da shekaru ina riƙe da babanku a zuciya cewa bai yi kukan yaron nan ba. Ashe ranar da aka binne shi, jar motar ya ɗauka ya bi hanyar nan, ya tsaya a daji inda ba kowa. Ya nuna mini wurin, wata gawo ce a gefen hanya. Ban iya tsayawa ba, ya ce mu ci gaba a ta uku, ba sauri muke ba.

Kafin a yanke gero mun daina cewa "taka" da "saki". Kunnena ya koyi abin da nasa ya sani. Inji na ɗaga murya ƙafata ta sauka, hannunsa ya riga ya tashi, giya ta shige ba ko ƙara. Wani lokaci tun daga fitar gari har Takieta ba wanda ya ba wani umarni. In na yi sauri ya sani, in ransa a ɓace yake ina ji a yadda yake tura sandar. Ni da na tsani motar nan rabin rayuwata, na koma ina ƙirga kwanaki zuwa Asabar kamar yarinya.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye shi ba don a ga na yi gaskiya. Ba inda zai je sai da ni. In ina girki sai ya jira, in na tafi taron mata sai ya jira. Har bayan na ajiye aiki mata na aiko mini in haihuwa ta zo da gardama. Ranar da aka binne Mushe Garba, amininsa tun suna samari, ni ina wani gida kan wata yarinya mai naƙudar fari. Na dawo na tarar da shi a ƙofar gida cikin manyan kaya, sanda a hannu, an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Bai ci abinci ba ranar.

Sai ga ka, Dauda, bayan kaka, da farar mota tun daga Yamai. Hannatu ce ta ɗauke mu a waya muna fama a bakin kasuwa ta aika muku don a yi dariya, kai kuwa ba ka yi dariya ba. Ka ga tsofaffi biyu a tsohuwar mota ba ko abin kariya, a hanyar da manyan motoci ke bi. Ka yi magana da wani mai sayar da motoci da ya daɗe yana neman irin jar, kuka shirya musaya: in babanka ya yarda, fara ta zauna ja ta tafi, kai ka cika sauran. In bai yarda ba ka mayar da fara. Dama Malam Sani ya ce kulocin ja ya kusa ƙarewa, kuma ba a samun irinsa ko a Kano. Ɗa nagari ne ya yi wannan tunani, ban taɓa cewa ba haka ba. Na tuna gardamarku a rumfa.

"Baba, wannan ƙafar dama kaɗai take so. Totur da birki, shi ke nan."

"Na sani. Motar da ke tuƙa mai ita."

"Baba, zamani ya wuce nan. Motocin tsere na yanzu ma ba su da kuloci, na'ura ke canja giya, kuma ta fi hannun kowane direba sauri."

"Na karanta. Sauri dai ta fi ni, ban musa ba."

"To ka gwada mana, ko zagaye ɗaya."

Ya daɗe yana kallon makullin kafin ya karɓa. Ka buɗe masa ƙofa, ka nuna masa harafin gaba da na baya, ka zagaya za ka shiga ya ce a'a, ka tsaya. Ya ja ta shi kaɗai ya fita layi. Muna tsaye ni da kai a ƙofa har inuwa ta juya, kana ta duba waya, ni ina ta leƙen bakin layi. Da ya dawo bai fito nan da nan ba. Na matsa kusa na ga idanunsa jajur. Ashe maƙabarta ya je, wajen Mushe Garba, daga nan ya biya fada.

"Saratu," ya ce, "ban nemi kowa ba. Na fita, na dawo, ban nemi kowa ba."

Washegari da la'asar ka tafi gaida abokanka, ya kira ni rumfa. Motocin biyu na tsaye, ɗaya ciki ɗaya waje. Ya ce yaron nan gobe zai koma, kuma da amsa zai tafi.

"Ke za ki faɗa. Ba ni kaɗai ke tuƙa ja ba."

Allah ya sani abin da zuciyata ke so. So nake in ce a mayar da fara inda ta fito, mu lallaɓa kulocin nan har ya mutu, in ya mutu mu zauna cikinta a rumfa mu yi hira. Amma fuskarsa ta jiya na gabana, da ranar da na same shi a ƙofar gida cikin manyan kaya. Namiji ne da ya yi shekara yana jiran mace ta sauke tukunya kafin ya je gaisuwar mutuwa. In na ce a bar ja, don kaina na faɗa, shi kuma zai biya. Na kuma san in na gaya masa dalilina na gaskiya ba zai karɓa ba. Sai na dafa gwiwata na ce:

"Mushe, ƙafar nan tawa ta gaji. Karɓi ta yaron."

Ba ƙarya na yi ba, gwiwar na ciwo, kulocin motar nan da tauri yake. Amma ba gwiwar ce ta yi maganar ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Ya gyaɗa kai. Da safe muka kai jar motar garejin Malam Sani mu biyu, inda babbar mota za ta ɗauke ta. Tafiyar ba nisa, ko ta uku ba mu shiga ba. Na kashe inji, na miƙa makulli, na tafi gida a ƙafa don ban iya tsayawa kallon ana ɗaure ta da igiya.

Kun ce farar mota ta mayar wa babanku 'yancinsa a ƙarshen rayuwarsa. Gaskiya ne, kuma ina gode maka, Dauda, har gobe. Ya koma fada, ya koma aski, ya je biki ya je jana'iza ba ya tambayar kowa. Asabar ta farko ya ce in zo mu je Garagumsa, na shiga na zauna a dama. Gilasai a rufe, sanyi na busowa, ba ƙara, ba girgiza. Ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan na kan cinyarsa. Ni ma hannuwana na kan cinyata, ƙafata ta hagu na ta neman abin yi. Na jira ya fara magana, ina jin shi ma jira yake. Can wajen fitar gari ya kunna rediyo, muka saurari labarai har muka isa, ita kuwa fara ta shiga yashi har ƙofar Yaya Habu, ba a nemi amalanke ba. Na sake bin sa sau biyu ko uku. Daga nan wata Asabar ina wanki ya ce kada in katse aikina, zai je ya dawo. Bai faɗa da wata manufa ba, sauƙi yake nema mini. Kafin sanyi ya wuce na koma Madam, ya koma tambayar ko an gama abinci.

Ba mu yi faɗa ba, ba abin da zan kai wa pasto ƙara. Ina ganinsa yana fita, in ji shigowarsa da ƙyar don motar ba ta da murya. Sau da yawa na shirya zan ce masa gwiwar ta warke, to in ta warke sai me? Ja ta riga ta tafi. Sukarin ya sauka ƙoda da bazara, bai ga damina ba. A asibiti kuna kewaye da shi dare da rana, ban samu ko zama ɗaya ni da shi ba, kuma ban iya korar 'ya'ya daga gadon ubansu.

Ranar zaman makoki Yaya Habu ya sa aka kira ni zaure. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:

"Saratu, Allah ya saka miki. Iliya ya gaya mini, ya ce in don shi ne da ja zai zauna har ƙarshe, gwiwarki ya tausaya wa."

Na ce amin, na tashi. Har yau ban san ko gaskiyar zuciyarsa ya gaya wa yayansa ba, ko kunya ce ta mutumin da ya yi shekaru yana zagin otomatik a fada. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ba wanda zan tambaya.

Da za ku watse, Dauda, ka same ni a ɗaki ka durƙusa, ka sa mini makullin a hannu. Na san ba ka manta abin da ka ce ba, don da kyakkyawar zuciya ka faɗa.

"Mama, taki ce yanzu. Kin iya tuƙi, kuma wannan ba ta da wahala irin waccan. Ba kya bukatar kowa a gefe, mutum ɗaya ya ishe ta."

Gaskiya ka faɗa, ɗana, mutum ɗaya ya ishe ta. Ka aiko a ɗauke ta kafin ruwa ya sauka, ka ba Hannatu ko ka sayar, duk wanda ka yi daidai ne. Ni dai ba zan iya zama a cikinta ba.